Katangar da Inji Bai Gani Ba

Duk wanda ya san Zulaihatu a ƙauyensu, can tsakanin Bagwai da madatsar ruwan Watari, da abu biyu ya san ta. Malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo, kuma 'yar Malam Tajuddeen ce, mai ba da karatun littattafai a zaure bayan sallar asuba. Abu na ukun, in ka cire mijinta Tasi'u, babu wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Matan maƙwabta dai sukan ce Malama tana da wasu 'yan itatuwa da take jerawa a kan tabarma, ta zuba musu ido kamar za su yi magana.

Sunan wasan ces, wanda wasu ke kira darar Turawa. Wata 'yar bautar ƙasa daga Enugu ce ta koya mata a ofishin malamai, shekara tara ke nan, duk lokacin da aka fita tara. Da wa'adinta ya cika ta bar mata allon da 'ya'yansa ta koma gida. Zulaihatu ba ta taɓa jin daɗin sunayen Turancin a bakinta ba, sai ta raɗa musu nata: sarki, sarauniya, hasumiya, giwa, doki da sojoji. Da doki ɗaya ya ɓace, Tasi'u ya sassaƙa mata wani da icen darbejiya. Ya fi kama da jaki, amma tsallensa ɗaya da sauran.

Abokin wasa ne ya gagara. Tasi'u gwanin dara ne, sai dai ya ce shi kansa ba zai ɗauki wasan da doki ke tafiya a karkace ba, gara ya koma wajen albasarsa da tumaturinsa a bakin ruwan Watari. Ganin haka ta koma bin manyan gasanni a waya, inda gwanayen duniya, waɗanda ake kira girandimasta, suke zama awa biyar ko shida a kan wasa guda. Ba ta kallon bidiyo, don yana cinye data. Shafin da ke nuna ƙaramin allo kawai take buɗewa, inda kowane taku ke fitowa da zarar an yi shi. Yawancin gasannin Turai da ƙarfe biyun rana suke farawa, daidai ta dawo daga makaranta ta yi azahar. Sai ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida, wurin da sabis ya fi tsayawa, ta jera wasan a allonta, ta rubuta takun da take ganin za a yi a littafin rubutu, sannan ta jira. A shekarun farko, cikin taku arba'in ba ta dacewa da fiye da shida. Yanzu takan wuce rabi.

A gefen allon wayar akwai wata sanda mai fari da baƙi, wadda injin lissafi ke ɗagawa ko ya sauke don nuna wanda ke kan gaba. Tun da daɗewa Zulaihatu ta yanki filasta ta liƙe wannan gefen.

“In zai gaya mini amsa kafin in yi tunani, me ya rage mini?” in ji ta, ranar da Tasi'u ya tambaya ko gilashin ne ya fashe.

Akwai guruf ɗin Wasaf na 'yan ces na Kano, mutum kusan ɗari, galibinsu ɗaliban jami'a da ma'aikata. Ta shiga ne da tsohon layin mijinta, don haka sunan da suke gani shi ne Tasi'u Watari. Shekara biyu tana ciki ba ta ce uffan ba. Mai riƙe da guruf ɗin wani mai harhaɗa magunguna ne, Abdulhadi, wanda kowa ya yarda ya fi su hannu. In ana babbar gasa shi yake jan hira, yana turo hoton sandar injin bayan kowane taku, sauran suna ta “an gama da shi” da “kai, wannan bulanda ce”, wato babban kuskure.

Ranar wata Talata cikin bazara, ana zagaye na tara a wata gasa, gwanin da Zulaihatu ta fi so ya shiga tsaka mai wuya. Dattijo ne mai shekara hamsin da ɗoriya, wanda matasa suka daɗe da turawa ƙasan jeri. Ita Tsoho take kiransa. Yana riƙe da baƙi, abokin karawarsa matashi ne da ke kan ganiyarsa, ya kuma taso masa da sarauniya da hasumiya ta ɓangaren sarki. Wajen ƙarfe biyar Tsoho ya tsaya. Minti goma, minti ashirin, agogonsa na ta zuba.

Zulaihatu ta ɗora tukunyar miya ta dawo ta durƙusa gaban allon. Duk kariyar da ta gwada rushewa take yi bayan taku biyar ko shida. Can sai ta ɗauki baƙar sarauniya ta cinye farar hasumiya da ita, ta bari aka cinye sarauniyar. Ta dubi abin da ya rage. Fari yana da sarauniya, baƙi hasumiya kawai. Amma akwai soja ɗaya a gaban baƙin sarki, kuma sojan yana gadin gida biyu a layi ɗaya. In hasumiya ta zauna a ɗaya, aka matsa mata, sai ta koma ɗayan. Layin gaba ɗaya a tare yake, farin sarki ba shi da ta inda zai tsallako ya taimaki sarauniyarsa. Sojojin ɗaya ɓangaren kuwa sun riga sun haɗa goshi, babu mai motsi. Ta zagaya da farar sarauniya ta ko'ina, ta nemi ƙofa har ta gaji, babu.

Ta ɗauki waya ta rubuta saƙonta na farko a guruf: “Zai ba da sarauniya ya ci hasumiya. Kunnen doki za a tashi.”

Ba a yi minti ɗaya ba Abdulhadi ya turo hoto. Ya sa takun a inji, sanda ta yi fari fat har sama.

“Malam Tasi'u, barka da fitowa,” ya rubuta. “Inji ya ce in ya yi haka ya mutu. Wannan ba dara ba ce.”

Fuskokin dariya suka yi ta zubowa. Wani ya ce a tambayi mutumin Watari ko ya san kuɗin sarauniya nawa ne a allo. Zulaihatu ta fara rubuta bayani, ta ga yatsa ba zai iya ba, sai ta danna ta yi magana. Minti biyu cur tana bayani, gida bayan gida, muryarta a tsaye kamar tana gaban aji. A ƙarshe ta ce, “Injin kaya yake ƙirgawa. Ku dubi lambar da ya ba ku, ku yi masa taku goma, ku ga ko za ta motsa. Wanda ya fi kaya amma ba shi da ƙofar shiga bai ci komai ba.”

Sannan wani ya rubuta, “Au, ashe mace ce.” Wani ya ce, “Hajiya, a duba girki kar ya ƙone.” Ta mayar masa cewa girkinta lafiya lau yake, shi ya duba allonsa in yana da shi. Magana ta yi zafi. Abdulhadi ya rubuta cewa ba a shigowa guruf da sunan wani, kuma ba a gardama da inji ba tare da hujja ba. Kafin ta ba shi amsa ta ga an cire ta.

Ta kife wayar a kan tabarma. Ta tashi ta juya miya, ta tuƙa tuwo, ta kwashe, tana yi tana cije leɓe. Sai da ta wanke hannu sannan ta koma ta buɗe shafin gasar. Baƙar sarauniya ba ta kan allo. Farar hasumiya ma babu. Baƙar hasumiya tana zaune daidai gidan da ta ajiye tata.

Tasi'u ya shigo daga lambu da laka har gwiwa, ya tarar da ita tsaye a tsakar gida tana dariya ita kaɗai.

“Lafiya?”

“Ya yi! Wallahi ya yi!”

Matashin bai yarda ba. Ya zagaya da sarauniya ta dama, ya dawo ta hagu, ya tako da sarkinsa har bakin layin ya tsaya. Tsoho kuwa hasumiyarsa kawai yake kaiwa da komowa tsakanin gida biyun nan. Aka yi magariba aka dawo ana nan. Akwai doka a wasan, in aka yi taku hamsin ba a ci komai ba, ba a kuma tura soja ba, an tashi babu wanda ya ci. Kafin kiran isha'i sakamako ya fito: rabi da rabi.

Washegari da safe ta ga an mayar da ita guruf. Babu wanda ya ce ta yi haƙuri. Abin da ta tarar shi ne dogon saƙon Abdulhadi, yana cewa irin wannan katanga sananniya ce ga masana, kuma a bayyane yake 'yar'uwar ta ji ne a wajen masu sharhin Turanci a wata tashar, ko kuma akwai wani a gefenta da yake gaya mata. Ba laifi ba ne, in ji shi, amma ya kamata mutum ya riƙa faɗin inda ya ɗauko abu.

Ta karanta sau biyu a kan hanyar makaranta. Ranar nan 'yan aji uku sun sha lissafi da zafinsa. Da aka fita tara ta zauna a ofis ta yi saƙon murya.

“Malam Abdulhadi, sunana Zulaihatu Tajuddeen. Ka ce na yi sata kuma na yi ƙarya, a gaban mutum ɗari. Daga Kano zuwa Bichi, daga Bichi zuwa Bagwai, ba tafiyar kwana ba ce. Ka zo da allonka da wanda ka yarda da shi. A tara wayoyi a ƙwarya a kife. Wasa biyu. In ka ga alamar wani ke gaya mini, ka dawo nan ka faɗa. In ba ka gani ba, nan ɗin dai za ka dawo ka faɗa.”

Sai da ta tura sannan ta tuna ba ta shawarci Tasi'u ba. Da yamma ta gaya masa komai, ta kunna masa saƙonnin. Ya saurara yana ɓare gyaɗa, bai katse ta ba.

“Da sunana suka fara dariyar ko?” ya ce.

“Da sunanka.”

“To ya zo. Amma ba a gidan nan ba, ba mu da zauren da zai ɗauki baƙi. Sai na Malam.”

Ba ta taɓa ɓoye wa mahaifinta wasan ba, amma ba ta taɓa kai shi gabansa ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Kafin ta yanke shawarar yadda za ta tunkare shi, Abdulhadi ya amsa a guruf cewa zai zo ranar Asabar, ko don ya ga Watari.

Ta sami Malam Tajuddeen ranar Alhamis da yamma, ranar da babu karatun zaure, yana zaune a kan buzu yana gyaran alƙalami. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta ba tare da kwana-kwana ba.

“Shaɗaranji ke nan,” ya ce, da sunan da littattafansu suka ba wasan. “Kin san abin da malamanmu na Malikiyya suka ce a kansa.”

“Na sani, Baba. A gabanka na karanta.”

“To?”

“A gabanka kuma na ji cewa akwai malaman da suka sassauta, in babu caca, babu alfasha, kuma bai sa an jinkirta salla ba. Shekara tara, Baba, ko sau ɗaya bai sa na jinkirta ba. Ka tambayi Tasi'u.”

“Ba sai na tambaya ba.” Ya ajiye wuƙar. “Ni ban bar maganar malamaina ba, kuma ba zan bari ba don 'yata ce ke yi. In ɗalibi ya tambaye ni gobe, abin da na faɗa jiya zan faɗa masa.”

“Ban zo don ka canza fatawa ba. Zaure na zo aro.”

Malam ya dube ta ta saman tabarau. Tun tana ƙarama haka take, in ta kafe ko muryarta ba ta ɗagawa.

“Me mutumin ya ce kin yi?”

“Ya ce na ɗauki ilimin wani na ce nawa ne.”

“Kin ɗauka?”

“Ban ɗauka ba.”

Ya mayar da alƙalamin cikin gafaka a hankali. “Wanda ya ce 'yata maƙaryaciya ce, gara ya zo ya faɗa a ƙofata. Ku yi a zauren. Mijinki ya zauna. Ni ba zan kalla ba. In aka kira salla kuwa, ko sarkin wa ake shirin kamawa, a tashi.”

Ranar Asabar wajen ƙarfe ɗaya wata ƙaramar mota ta tsaya a ƙofar gidan. Abdulhadi ya fito, dogo, mai ƙaramin gemu, tare da abokinsa Naziru. A ido bai kai zafin da yake da shi a waya ba. Ya durƙusa ya gaida Malam yadda ya kamata, aka kawo musu fura da ruwan randa, aka yi azahar tare. Sannan ya shimfiɗa allonsa na leda mai kore da fari, ya jera 'ya'ya masu nauyi, ya ajiye wani agogo mai fuska biyu a gefe. Tasi'u ya zagaya da ƙwarya, kowa ya saka wayarsa, ya kife ta a lungu ya ɗora takalminsa a kai. Malam ya ja buzunsa bakin ƙofa, ya juya musu baya, ya buɗe littafi.

“Minti talatin-talatin,” in ji Abdulhadi. “In kin yi taku sai ki danna nan. Wanda lokacinsa ya ƙare ya faɗi.”

Zulaihatu ta gyara hijabinta ta zauna. Ta ga agogon nan sau dubu a matsayin lambobi a waya, amma ba ta taɓa zama kusa da shi ba. Ba ta kuma zauna gaban ɗan'adam a kan allo ba tun tafiyar 'yar Enugu.

Ita ke da fari. Taku goma sha biyun farko suka fita daga hannunta kamar karatun da aka haddace, har Naziru ya ɗan matso. Daga nan ta fara tunani irin wanda ta saba, na mai jiran girandimasta, a natse, tana bin kowane reshe har ƙarshensa. Sau biyu ta manta ba ta danna agogo ba, sai da Naziru ya nuna mata. Ta matse baƙin doki a gefe, ta kafa hasumiya a buɗaɗɗen layi, tana cikin lissafin yadda za ta fasa, sai ta ji Abdulhadi ya yi gyaran murya.

“Lokacinki ya ƙare, Malama.”

Ta dubi agogon. Sifili. Nasa kuwa da sauran minti goma sha ɗaya.

“Kin yi ƙoƙari, gaskiya,” ya ce, ya fara tattara sojoji yana zubawa a jaka. “Na ga kin san buɗe wasa. Ba sai mun wahalar da ke ba, rana ta yi.”

“Wasa biyu muka ce.”

“Ai na ga abin da na zo gani.”

“Ni ban nuna abin da na kira ka ka gani ba. Mayar da su.”

Tasi'u ya miƙe ƙafarsa ta tare hanyar ƙofa kamar mai miƙa. Daga bakin zaure, ba tare da ya juyo ba, Malam ya ce, “In biyu aka yi alkawari, biyu ne. Amma ga ladan can ya fara.”

Bayan la'asar suka dawo. Zulaihatu ta yi sallarta a cikin gida, ta zauna a kan dardumar ta yi wa kanta faɗa. Ba Tsoho ba ce ita, ba ta da awa shida. Abin da ido ya gani sau ɗari a wasannin manya, ba sai ta sake lissafa shi daga tushe ba.

Yanzu ita ke da baƙi. Abdulhadi ya taso da zafi, yana tura sojojin gaban sarkinsa, yana son ya gama da wuri ya kama hanya. Ta bar shi ya zo. Tana taku tana danna agogo da ƙarfi har yana ƙara. Da ya kawo sarauniya kusa, ta tilasta masa musanya, sarauniya ta tafi da sarauniya. Ta sake musanya hasumiya ɗaya. Hayaniyar ta lafa, sai ga sojojin da ya tura sun yi nisa da gida babu mai gadinsu, kuma giwarsa ta maƙale a bayan nasa sojojin, dokinta kuwa yana tsakiyar allo babu mai iya korarsa.

Abdulhadi ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Ya daɗe yana kallo. Agogonsa ya sauko ƙasa da nata.

“Kunnen doki?” ya ce, yana murmushi.

“A'a.”

“Kaya daidai suke, Malama. Ko inji ne zai ce daidai ne.”

“Injin yana cikin ƙwarya. Yi takunka.”

Ta taso da sarkinta daga lungu, gida ɗaya bayan ɗaya, har tsakiya. Soja ɗaya ya faɗi. Abdulhadi ya nemi ya rikita wasan da hasumiyar da ta rage masa, ya yi ta yi wa sarkinta barazana daga baya, ta ɓuya a bayan dokinta. Soja na biyu ya faɗi. Nata sojan na gefe ya kama hanya, saura gida biyu ya kai ƙarshe ya zama sarauniya, da sauran minti uku a agogonta. Tasi'u, wanda bai san me ke faruwa ba, fuskar Naziru kawai yake karantawa. Malam kuma ya daɗe bai juya shafi ba.

Abdulhadi ya tsayar da agogo. Ya kwantar da sarkinsa a kan allo.

“Na sallama,” ya ce. Ya share goshi. “Wa ya koya miki ƙarshen wasa haka?”

“Gwanayen da kuke turo hoton sanda a kan wasanninsu. Ni wasan nake kallo.”

Ya yi 'yar dariya mara daɗi, ya fara neman hularsa. Ya ce in ya isa gida zai yi bayani a guruf.

“A nan za ka yi,” in ji ta. “Tasi'u, ba shi wayarsa.”

Ya dubi Naziru, Naziru ya dubi rufin zaure. Ya karɓi wayar, ya danna, ya ce shi Abdulhadi yana Bagwai, an yi wasa biyu ba waya, an tashi ɗaya da ɗaya, kuma Malama Zulaihatu ƙwararriya ce. Ya ɗaga yatsa zai tura.

“Ba ka faɗi ɗayar maganar ba,” in ji ta.

Ya ja numfashi ya sake dannawa. “Maganar da na yi cewa wani ne ya gaya mata, ko ta ji a wani wuri, ba ni da hujja. Na janye, kuma ina neman afuwarta.”

“Na yafe,” ta ce. “Allah ya kiyaye hanya.”

Tasi'u ya cika musu but ɗin mota da albasa, don baƙo baƙo ne. Har ya tayar da mota, Abdulhadi ya leƙo ya ce akwai gasar kwana biyu a Kano ƙarshen wata, zagaye bakwai, maza da mata a haɗe, in tana so zai sa sunanta. Ta ce ya bari, ita za ta sa da kanta.

Da ta je sallama da mahaifinta, ta gaya masa zancen gasar. Ya rufe littafinsa.

“Ban ce ki je ba, ban kuma ce kar ki je ba. Kina da miji.” Har ta kai ƙofa ya ƙara da cewa, “Wancan mai kan dokin, me ya sa shi kaɗai yake tsallake sauran?”

“Haka dokarsa take, Baba.”

“Hm,” ya ce, ya sake buɗe littafin.

Ta je Kano. Ta sauka a gidan ƙanwar mahaifiyarta a Kurna. Zauren gasar ya cika da samari masu jakar goyo, mata huɗu ne kacal a ciki. Ranar farko ta sha kashi uku a jere, ɗaya agogo ne ya sake cin ta, ɗaya kuma ta bar giwa a fili kamar wadda ta fara jiya. Wani daga cikin masu shirya gasar ya same ta a gefe, ya ce cikin ladabi in ta gaji ana iya cire sunanta daga sauran zagayen, ba abin kunya ba ne. Ta tambaye shi ƙarfe nawa ake fara na huɗu. Ta ci na huɗu. Washegari ta ci biyu, ta faɗi ɗaya, a hannun wani malamin jami'a wanda sai da ya kama sarkinta a zahiri, don ta ƙi sallamawa.

Da yammacin Lahadi motar Bichi ta sauke ta a Bagwai, Tasi'u yana jira a kan babur. Ta hau, suka bi hanyar da ta ratsa gonaki, an fara sharar gona ana jiran ruwan farko.

“Nawa kika ci?” ya tambaya, iska na kwashe rabin muryarsa.

“Uku cikin bakwai.”

“Sauran huɗun fa?”

“Duk na rubuto su. Biyu sun fi ni. Biyu ni na ba su da hannuna.”

Ya kauce wa wani rami. “To yanzu sai a huta.”

“Akwai wata a Zariya bayan babbar salla. Na riga na sa suna.”

Suka wuce masallacin Juma'a.

“Zariya,” ya ce. “Ashe in zan raka ki, sai na nemi wanda zai kama mini noman farko.”